Kundi da Rasit: Fashin Baƙi kan Koya wa Masu Digiri na Uku Yadda Ake Tafiyar da Bincike

Wata rana da hantsi na raka wani abokina ofishin ma'ajin wata jami'a. Shekararsa ta uku ke nan a digirin digirgir, wato digiri na uku, kuma in ka zauna da shi sai ya kwana yana yi maka bayanin yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro take bijire wa magani, ba tare da ya duba takarda ba. An ba shi kason farko na wani ɗan tallafin bincike, ya kashe, ya dawo neman kaso na biyu. Akawun ya buɗe fayil, ya juya shafi biyu zuwa uku, ya ɗago kai ya ce, “Malam, ina rasit ɗin mai? Ina takardar da masu taya ka ɗibar jini suka sa hannu cewa sun karɓi alawus?” Abokina ya ce ai a hannu ya ba su, can ƙauye, ƙarƙashin darbejiya, a gaban mai unguwa ma kuwa. Akawun ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Malam, mai unguwa ba ya shiga fayil.” Kafin a warware maganar damina ta wuce, shi kuwa aikinsa da damina ake yin sa, lokacin da sauro yake kan ganiyarsa. Haka shekara guda ta salwanta a kan takardar da ba ta fi tafin hannu ba.

Babu wanda ya ci kuɗin kowa a wannan labari, akawun ma aikinsa ya yi. An dai koya wa mutum ilimi mai zurfi, ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa cewa kuɗin bincike yana da nasa dokoki ba. Irin wannan giɓi ne ya sa jami'o'i da masu ba da tallafi a ƙasashe da dama suke haɗa wa ɗalibin digiri na uku wani horo na daban, wanda yake tafiya tare da kundinsa: horon tafiyar da bincike. Abin da ake nufi shi ne duk hidimar da take kewaye da bincike, wadda in ta lalace ilimin ba ya zuwa ko'ina. Neman kuɗi, tsara kasafi, kashewa bisa ƙa'ida, samun izini, adana bayanai, riƙe masu taya aiki, cika wa'adi, rubuta rahoto ga wanda ya ba da kuɗin.

Me ya sa sai yanzu? Digiri na uku irin wanda muka sani, na bincike da kundi, ya samo tushe ne daga jami'o'in Jamus, musamman ta Berlin da aka kafa a 1810, daga nan ya bazu zuwa Amurka da Ingila har ya iso mu. Tsarinsa tsarin koyon sana'a ne. Yaron maƙeri yana zama kusa da zuga-zugi, yana kallo, yana miƙa guduma, wata rana ya wayi gari ya iya. Wannan yana yiwuwa ne domin komai a maƙera ake yin sa, har cinikin garma a gaban yaron ake yi. A jami'a kuwa ɗalibi yana ganin malaminsa a ɗakin gwaji da kuma a kan gyaran babi, amma ranar da farfesa yake ja-in-ja da masu ba da tallafi a kan kasafi, ko yake sa hannu a yarjejeniya, ƙofa a rufe take. Sai yaro ya gama, a kira shi Dakta, a ce to je ka nemo tallafi, alhali ko sau ɗaya bai taɓa ganin yadda takardar take ba.

Birtaniya na cikin waɗanda suka fara ɗaukar matakin a hukumance. A 2002 Sir Gareth Roberts ya miƙa wa gwamnati rahoto kan ƙarancin ƙwararru a fannin kimiyya da injiniyanci, inda ya ba da shawarar kowane ɗalibin digiri na uku ya samu aƙalla mako biyu a shekara na horo a kan ƙwarewar da ba ta fanninsa kaɗai ba. Gwamnati ta ware kimanin fam miliyan 120 a kan haka, har kuɗin suka ƙare a 2011 aka bar jami'o'i su ci gaba da aljihunsu. A 2008 aka kafa hukumar Vitae, wadda ta fitar da wani jadawali na abubuwan da ake so mai bincike ya iya, kuma ɗaya daga cikin rukunansa huɗu kacokan a kan shugabanci da tsara bincike yake. A nahiyar Turai gaba ɗaya, taron birnin Salzburg na 2005 ya fitar da ƙa'idoji goma. Sun tabbatar cewa zuciyar digirin ita ce bincike na asali, amma suka ce a riƙa ɗaukar ɗalibin a matsayin ƙaramin ma'aikacin bincike mai haƙƙi da nauyi, wanda kuma ba lallai ba ne ya ƙare a koyarwa. Amurka ta shigo ta wata ƙofar, ƙofar abin kunya: bayan tonon asirin wasu masu ƙirƙirar sakamakon ƙarya, hukumar binciken lafiya ta NIH ta wajabta darasin ɗa'ar bincike ga ɗaliban da take ɗaukar nauyi tun wajen 1990. Faransa kuma ta sa shi a doka a 2016, a 2022 ta ƙara da rantsuwar da sabon dakta zai yi bayan ya kare kundinsa.

Tarihi ke nan. Yanzu a duba abin da ake koyarwar.

Maganar kuɗi ita ce ta fi kayar da mutane, don haka bari in daɗe a kanta. Ɗalibi yakan ɗauka tallafi kamar kyauta ne, in an ba ka naira miliyan biyar to taka ce, ka san yadda za ka yi da ita. A gaskiya tallafi yarjejeniya ce, kuma an yanka shi gida-gida: na sufuri, na sinadarai, na alawus, na kayan aiki. In na sinadarai ya ƙare, na sufuri ya ragu, ba ka da ikon ɗiba daga nan ka zuba can sai ka rubuta ka nemi izini, an amsa maka a rubuce. Wanda ya yi gaban kansa, ko da kobo bai shiga aljihunsa ba, mai binciken kuɗi zai rubuta cewa an kashe ba bisa ƙa'ida ba, a ce ya mayar. Mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya, sunansa ya shiga baƙin littafi.

Akwai kuma wani kaso da yawancin ɗalibai ba su taɓa jin labarinsa ba, wato kuɗin ɗawainiyar jami'a. Dizal ɗin da janareta yake sha don firizar da ka ajiye jini ta ci gaba da sanyi, albashin wancan akawun, mai gadi, ruwan famfo, intanet: duk bincikenka yana cin su, amma ba za ka iya kawo rasit ɗinsu ɗaya-ɗaya ba. Shi ya sa masu ba da tallafi suke yarda a ɗora wani kaso a kan jimla. Hukumar NIH tana ba cibiyoyin da suke wajen Amurka kashi 8 cikin ɗari, Gidauniyar Gates kuma takan kai har kashi 15 ga jami'o'in waje. Wanda bai sani ba sai ya bar gurbin fayau, yana ganin ya yi tsimi, zai burge su. Abin da ya yi shi ne ya ɗora wa jami'ar da ba ta iya biyan kuɗin wuta nauyin ciyar da bincikensa.

Sai canjin kuɗi. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗalibin da ya rubuta kasafinsa da naira kafin wannan lokaci, kuma sinadaransa daga waje ake kawo su, ya wayi gari kuɗinsa ba sa sayen ko kashi ɗaya cikin uku na abin da ya tsara. Babu horon da zai hana naira faɗuwa, amma akwai wanda zai koya maka ka fara sayen kayan waje da zarar kuɗi sun shigo, ka bar gurbin ko-ta-kwana a kasafi in dokar tallafin ta yarda, kuma ka sanar da mai tallafi tun da wuri maimakon ka yi shiru har ranar rahoto. Takwaransa na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, in tallafinsa da yuro ne, wannan ciwon kan bai same shi ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya. Shi ma dai in da dala aka ba shi sai ya yi lissafi.

Masu kuɗin ma sun daina yarda da fatar baki. A 2018 aka fitar da wani ma'auni na Afirka, wanda Cibiyar Kimiyya ta Afirka ta jagoranci tsarawa, da ake auna cibiya da shi ta fuskar riƙon kuɗi, ma'aikata, sayen kaya da shugabanci, a ba ta matsayi daga tagulla zuwa sama. Shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, wanda ya fara a 2014, ya ƙara tsanantawa: kuɗi suna biyo sakamako ne, sai an tantance ɗalibai nawa ka ɗauka, maƙala nawa ka buga, lissafinka ya fita, kafin a saki kaso na gaba. Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ta shiga wannan shiri, haka ma wata cibiya ta Jami'ar Ahmadu Bello mai binciken cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A gida kuma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da take samun kuɗinta daga haraji a kan ribar kamfanoni, ita ma kaso-kaso take biya, kuma sai ka kawo rahoto. Duk inda ka juya, akawu yana jiranka.

Izini shi ne na biyu, kuma mutumin Kano ba ya bukatar doguwar lacca a kansa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani daban. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar. Amma tambayoyin da suka ja shari'a shekara da shekaru tambayoyin tsari ne: iyayen sun san gwaji ake yi? Wa ya amince, kuma yaushe aka rubuta takardar amincewar? A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon bai tsaya nan ba, domin lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, sunan Trovan yana cikin abin da mutane suke ambata. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Ɗalibin da aka karanta wa wannan tarihi ba zai ƙara kallon kwamitin ɗa'a a matsayin masu ɓata masa lokaci ba. Zai gane cewa takardar neman yarda sai an mayar da ita Hausar da tsohuwa za ta fahimta, a karanta mata, a bar ta ta yi tambaya, kuma ta san tana iya cewa a'a ba tare da an hana jikanta magani ba. Zai gane cewa yardar dagaci hanya ce ta shiga gari, ba ta maye gurbin yardar mai jikin. Sannan akwai ɓangaren lissafin lokaci: kwamiti yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya zauna, kuma bayanan da ka tara kafin a amince maka, mujallar kirki ba za ta karɓa ba. In kuma za ka aika jini ko iri ko ganyen magani zuwa ɗakin gwaji a wata ƙasa, akwai yarjejeniyar miƙa samfur da jami'o'in biyu za su sa wa hannu, akwai kuma Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu. Wanda ya cusa kwalabe a jakar ɗan'uwansa mai tafiya Landan ya saya wa kansa fitina.

Adana bayanai kuwa, kowa ya san wani da aka sace wa kwamfuta a tasha da aikin shekara biyu a ciki. Mun kuma san masu fayil goma sha biyu: “na ƙarshe”, “na ƙarshe 2”, “na ƙarshe na gaske”, har shi mai su ya rasa wanne ne wanne. Maganin bai kai kuɗin katin waya ba: kwafi uku, ɗaya a nesa da inda kake kwana, suna mai kwanan wata, da ɗan littafin da yake bayyana ma'anar kowane gurbi, yadda wani zai gane ko ba ka nan. Abin da ya sauya shi ne yanzu doka ta shigo. Tun Janairun 2023 NIH ba ta karɓar neman tallafi sai da tsarin adanawa da raba bayanai, kuma a shekarar Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane. Muryar matan da ka naɗa suna ba da labarin haihuwarsu, da sunayensu da unguwanninsu, ba abin da za a bari a wayar da yara suke kallon fim ba ne.

Sauran darussan ba sai na daɗe ba. Wa ya cancanci sunansa ya hau maƙala, wa za a gode wa kawai a ƙarshe: editocin mujallun likitanci suna da sharuɗɗa huɗu a kan haka, kuma “ai shi ne shugaban sashe” ba ya cikinsu. Yadda ake gane mujallar 'yan damfara, mai karɓar kuɗi ta buga komai cikin kwana uku. Yadda ake tsara lokaci a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

To ta yaya ake cusa wannan duka a cikin digirin da tun asali ya yi wa mai shi nauyi? Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne CARTA, haɗakar jami'o'in Afirka da aka kafa a 2008 ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken yawan jama'a da lafiya ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu. Daga Nijeriya akwai Jami'ar Ibadan da ta Obafemi Awolowo a Ife. Ƙananan malaman jami'a suke ɗauka, kowa ya yi rajistar digirinsa a wata jami'a ta cikin haɗakar, amma a tsarinsu sau huɗu ake tara su zaman bita na makonni. Hikimar tana cikin jerin. Zama na farko, lokacin da mutum yake lalube, a kan kaifafa tunani da tambayar bincike ne. Na biyu, gab da fita fili, a kan hanyoyin tara bayanai da sarrafa su. Na uku a kan nazari da rubuta kundi. Sai na huɗu, ana dab da gamawa, a kawo neman tallafi da jagoranci da koyarwa. Kowane darasi yana zuwa ne a lokacin da ɗalibin yake jin ƙishirwarsa, kuma a kan aikinsa na kansa yake gwadawa. Sun kuma yi wani abu da ake yawan mantawa: suna horar da masu duba aikin ɗaliban, da ma'aikatan kuɗi, da na laburare. Amfanin me ɗalibi ya iya tsara kasafi in fayil ɗinsa zai kwana wata uku a kan tebur ɗaya?

Masu suka suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Wani farfesa zai ce maka digiri na uku zurfi ake nema a cikinsa, duk awar da aka cire aka kai ajin kasafi an cire ta ne daga karatu. Gaskiya ne a wurin da aka mayar da abin tarin takardun shaida. Mun san irin bitar nan ta otal: jaka, biro, shayi da sambusa, mai jawabi yana karanta allon majigi, a sa hannu a karɓi alawus a watse. Wanda ya halarci goma irinta bai fi wanda bai je ko ɗaya ba. Haka nan kwas ɗin da aka jibga wa ɗalibi a zangon farko, tun bai san me zai bincika ba, ya haddace ya rubuta jarrabawa, kafin ya bukace shi ya manta. Amma mako biyu a shekara, in an sa su a muhallinsu, ba su kai asarar damina guda ba.

Sukar da ta fi damuna daban ce. Tafiyar da bincike sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka masu yin ta suna da ƙungiya tun 1959, a kudancin Afirka akwai SARIMA tun 2002, a yammacin Afirka akwai WARIMA tun 2006. A jami'ar da ta tsaya da ƙafarta, mai bincike yana da ofis da zai je a duba masa yarjejeniya, a lissafa masa kuɗin ɗawainiya, a tuna masa ranar rahoto. Tsorona shi ne jami'o'inmu su fake da horar da ɗalibai su ƙi gina wannan ofis, a wayi gari dakta shi ne akawu, shi ne lauya, shi ne mai sayayya, shi ne direba. Manufar horon ita ce ɗalibi ya san harshen waɗannan mutane, ya san abin da zai tambaye su da lokacin da zai je musu, ya kuma gane in an yi masa ba daidai ba. In babu su, horon zai rage ɓarna, amma mai binciken zai ƙare rabin ƙarfinsa a kan fayil.

Akwai kuma tambayar wa zai koyar. Da yawa daga cikin manyan malamanmu, Allah ya saka musu, ba su taɓa riƙe babban tallafin waje ba, ba don gazawa ba, zamaninsu ne bai ba su dama ba. Wanda bai taɓa shiga hannun mai binciken kuɗi ba, abin da zai koyar daga littafi ne. Ni a ganina makarantar karatun gaba da digiri ba ta bukatar jiran kuɗin Turawa kafin ta fara. Malamin da ya ci tallafi ya kawo takardarsa ta gaske, har da wadda aka ƙi da dalilan da aka rubuto, a baje wa ɗalibai. Sakataren kwamitin ɗa'a ya zo da kurakuran da suka fi sa shi mayar da takardu. Kowane ɗalibi, kafin ya kare shawarar bincikensa, a ce ya haɗo da kasafi na shafi ɗaya, da jadawalin watanni mai nuna damina da azumi da lokacin jarrabawa, da bayanin inda zai ajiye bayanansa. Sannan a gayyato wancan akawun, da yamma guda, ya zo da tsohon fayil da aka goge sunaye, ya nuna musu yadda ake rubuta takardar karɓar alawus a ƙauyen da ba a ba da rasit: suna, kwanan wata, adadi, aikin da aka yi, sa hannu, wanda bai iya rubutu ba kuma ya dangwala yatsa a gaban shaida.